Muna so mu buɗe zauren dattawa a unguwarmu a Garwa, ta ina za mu fara?

Ɗan Zaure, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Mu matasa ne, mu 15 a unguwa ɗaya. Mun bi gida-gida mun ƙirga iyayenmu da suka haura shekara 60, mun samu mutum 43, mata sun fi yawa. Da yawansu 'ya'yansu suna Yawunde ko Duwala, wasu kuma tun safe ake watsewa kasuwa a bar su da jikoki. Wani bawan Allah ya ba mu aron zaure da rumfa a ƙofar gidansa. Burinmu a riƙa haɗuwa ana karatu, ana duba hawan jini, kuma a samu ɗan abin tallafa wa wanda ciwo ya kwantar. Sai dai ba mu san me hukuma ke buƙata ba, ba mu san yadda ake riƙe kuɗi ba tare da rigima ba, kuma ba mu san me ya dace a koya wa mai shekara 70 ba. Masana a taimaka mana dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akawu, Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, ƙanena. Kafin takarda, ku fara da mai unguwa da liman da sarkin Hausawanku, ku ɗauki dattijo ɗaya ya shige muku gaba. Dattijo ba ya amsa kiran yaro zuwa taro, amma in liman ya faɗa bayan sallar magariba, zai zo.

Batun hukuma. Dokar da ta shafi ƙungiyoyi a Kamaru ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990. Ba izini za ku nema ba, sanarwa za ku kai ofishin Perefe, wato babban wakilin gwamnati na yankin da mazaunin ƙungiyar yake, ku naku shi ne na Binuwai a nan Garwa. Takardar ta ƙunshi sunan ƙungiya, manufarta, mazauninta, da sunayen shugabanni da sana'arsu da inda suke zaune, a haɗa da kwafi biyu na ƙa'idojin ƙungiyar. Ku ƙara da rahoton zaman da aka kafa ta da sa hannun mahalarta. Duka da Faransanci za a rubuta. In an karɓa kada ku fito sai da shaidar ajiya mai kwanan wata da hatimi, domin dokar ta ce in Perefe ya yi shiru wata biyu bayan ajiyar takardu, an amince ke nan. Wanda bai karɓi shaidar nan ba, ba shi da abin da zai ƙirga wata biyun da shi. In shugabanni suka sauya daga baya, a sake sanarwa.

Akwai abin da mutane ke tsallakewa a dokar nan: ƙungiyar da aka yi wa sanarwa kawai ba ta da hurumin karɓar tallafin kuɗin gwamnati ko kyautar dukiya da wasiyya, sai wadda aka amince tana aikin amfanin jama'a. Saboda haka ku gina lissafinku a kan kuɗin da 'yan ƙungiya ke zubawa, kada ku kafa ta da tunanin wani zai zo da buhun kuɗi.

Ga misalin lissafi. Mutum 30 masu zubi, sefa 500 a wata, ya kama 15,000. A ware 9,000 na rashin lafiya, 3,000 na hidimar zaure kamar batir da alli da ruwa, 3,000 a ajiye ba a taɓawa sai babban lamari. A rubuta iyakar abin da za a ba mutum ɗaya, a ce 5,000 a karo guda, kuma kada ya wuce sau biyu a shekara. In babu iyakar nan, ciwon mutum na farko zai cinye asusun, na biyu ya zo ya tarar babu, daga nan sai maganar son kai ta tashi. Ma'aji daban, mai riƙe littafi daban, kuma ba a fitar da ko dala sai da sa hannun mutum biyu. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, da Hausa da Fulatanci in akwai mai buƙata. Kada a haɗa wannan asusu da adashi, kuma kada a ba da rance daga cikinsa ko ga shugaba.

Sannan ku ware rana ɗaya ta duba takardu. Wanda ya yi aikin albashi a kamfani, kamar tsofaffin ma'aikatan kamfanin auduga na Sodecoton, fanshonsa yana wajen CNPS, wato hukumar da ke riƙe fanshon ma'aikatan kamfanoni. Cikin sharuɗɗan cikakken fansho akwai cika shekara 60, rajistar da ta kai shekara 20, da zubin wata 180. Wanda zubinsa bai kai ba yana iya samun kuɗi a dunƙule sau ɗaya, kuma matar mamaci tana da haƙƙi a fanshon mijinta. Abin da ya fi tsayar da takardu shi ne saɓanin suna ko shekarar haihuwa tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar aiki, da rashin takardar aure. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ke maye gurbinta. Ku gabatar da kanku kuma ga cibiyar jin daɗin jama'a ta gundumarku, wadda ke ƙarƙashin MINAS, ma'aikatar jin daɗin jama'a, su ne ke kula da lamarin tsofaffi, su ne kuma ke shirya bikin ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba.

Malamar Asibiti, Ngaundere:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ni awon jinin zan tsaya a kai, domin a nan ake yin kuskuren da ke cutarwa.

Ku sayi na'ura mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Madaurin da ke zuwa da yawancinsu na damtse ne mai kewayen santimita 22 zuwa 32. In mai ƙiba ne kuka matsa masa ƙaramin madauri, lamba za ta hau fiye da gaskiya. In tsohuwa ce siririya madaurin ya yi mata yawa, lamba za ta sauka. Ku auna damtse da tef ɗin tela, ku nemi babban madauri na 32 zuwa 42 a ajiye.

Mutum ya zauna a kujera mai majingina minti 5 bai yi magana ba, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, madauri a kan fata ba a kan babbar riga ba, kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu. Kada ya ci goro, ko ya sha shayi ko taba minti 30 kafin awo, kuma in fitsari ya matse shi ya fara zagayawa. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka. A zauna kan tabarma a miƙo hannu sama ana hira, wannan ba awo ba ne.

Na'ura za ta nuna 140/90, malamin asibiti a nan zai ce 14/9, abu ɗaya ne. In awo ya kai haka ko ya wuce a ranaku biyu daban, a rubuta masa lambobin a takarda a tura shi asibiti. In ya kai 180/110, a bar shi ya huta a sake, in bai sauka ba ranar za a kai shi. In kuwa akwai karkacewar baki, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji, ba a tsayawa awo ma, mota ake nema. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki a halin nan, yana iya shaƙewa.

Aikinku awo da turawa ne, ba ba da magani ba. Kuma ku riƙa nanata musu cewa maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Saukar lambar aikin maganin ne, in an bari za ta koma.

Awon suga ban so ku fara shi ba sai da ma'aikacin lafiya a wurin. Allura ɗaya mutum ɗaya, ko abin riƙe allurar ba a so a yi tarayya a kansa, saboda ciwon hanta nau'in B yana bin jini. Tsinken awon kuma zafi yana lalata shi, kwalbar da ta kwana a rumfar kwano a watan Afrilu ba abin amincewa ba ce. In za a yi, awon safe ne bayan awa 8 ba a ci komai ba. Daga 126, wanda takardun asibitinmu ke rubutawa 1,26, sai a je a tabbatar. Ƙasa da 70 kuma suga ya faɗi: gumi, rawar jiki, rikicewa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ƙwayar suga uku a ruwa nan take.

Wata rana guda a ce kowa ya zo da duk maganin da yake sha a leda, har na gargajiya, ma'aikacin lafiya ya duba. Za ku ga masu ciwon gwiwa da ke shan diclofenac ko ibuprofen na masu talla kullum. Waɗannan suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Masu haɗa musu da dexamethasone kuma suga suke tayar musu.

Abinci: gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin. Wannan maganar da masu girki za a yi ta, surukai da jikoki, ba da tsohon da ake kawo wa kwano ba.

Lokacin haɗuwa ya bi yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yana wuce 40, sai a yi da sassafe a tashi kafin ƙarfe 10, ko bayan la'asar. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun yawan zagayawa. A ajiye randa, a bi kowa da moɗa a farkon zama da ƙarshensa ba sai ya tambaya ba. A hunturu kuma a jira rana ta fito, a yayyafa ruwa kafin shara saboda masu tari da asma.

Motsa jiki minti 15 ya isa a zama ɗaya. Tashi daga kujera a koma a zauna sau 5 zuwa 10, a huta, a maimaita. Ɗaga dunduniya sau 10 ana riƙe da bayan kujera. Tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 ana dafe da bango, wani yana tsaye kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba wa masu shekara 65 zuwa sama shawarar minti 150 na motsi a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku. Tafiya masallaci da ƙafa tana cikin lissafin. Kujerar ta zama ta katako mai nauyi a jingine da bango, ta roba tana zamewa, ƙafarta kuma tana buɗewa.

Malamin Yaƙi da Jahilci, Kusuri:

Ɗan Zaure, kafin allo a duba ido. Da yawan waɗanda ake cewa kansu ba ya ɗauka, gani ne ba sa yi. Ku samo tabarau na karatu masu ƙarfi huɗu, +1.50, +2.00, +2.50 da +3.00. Mutum ya riƙe rubutu nesa da fuskarsa kamar kamu ɗaya, a fara da mafi rauni, a tsaya a na farkon da ya gani sarai. Wanda duk cikinsu babu wanda ya yi masa, ko yana ganin hazo ko da rana, asibitin ido za a kai shi. Yanar ido ana cire ta da aikin tiyata gani ya dawo, amma hawan jinin ido abin da ya ci ya ci, don haka ba a jinkiri, kuma kada a bari a kai shi wajen masu kwantar da yana da tsinke.

Kada ku kira ajin da sunan yaƙi da jahilci a gabansu, ko da yake sunan aikin ke nan. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙa da ajami ba jahili ba ne. Ku ce zaman sanin waya da lissafi. Da lambobi za a fara, 0 zuwa 9, domin su ne a waya, a takardar kuɗi, a kwalin magani. Mako uku ko huɗu a kansu kawai ba ɓata lokaci ba ne. Wanda ya saba da lambobin Larabci yana rikicewa a wuri biyu: biyar ɗinsu ta yi kama da sifirin boko, shidansu kuma ta yi kama da 7. A rubuta su gefe da gefe a kwali a manna a bango.

Sai lissafin dala. Dattijo zai ce dala 200, yana nufin sefa 1,000, waya kuwa sefa take ƙirgawa. In yaro ya danna 200 an aika kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nufi. Masu hulɗa da Njamena ma haka riyal yake, sefa 5 ne. A yi atisaye da takardun kuɗi na gaske: a ɗaga ta 500, ta 1,000, ta 2,000, ta 5,000, kowa ya faɗa da dala sannan ya danna da sefa a waya.

Daga nan sai duba abin da ke asusu, #150# a Orange Money, *126# a MTN. Wannan shi ne maganin 'yan damfara masu turo saƙon ƙarya su kira su ce sun yi kuskuren turo kuɗi a mayar musu. Ƙa'ida biyu za a haddace kamar karatun allo: ba a faɗa wa kowa lambar sirri ko ya ce daga kamfani yake, kuma ba a danna ta don kuɗi su shigo, sai don fitarwa ko duba asusu. Lambar kada ta zama shekarar haihuwa, kada kuma a rubuta ta a bayan waya.

Aji kada ya wuce mutum 10, minti 45, sau biyu a mako, abu ɗaya sabo a kowane zama, sulusin lokacin na bitar na baya ne. Rubutu baƙi a farar takarda, tsayin harafi kamar yatsa biyu. Malami ya fuskanci haske don a ga bakinsa, ya yi magana a hankali da murya mai kauri. Ihu ba ya taimakon mai nauyin ji, yana ƙara cakuɗa masa sauti ne. Kuma kada malami ya karɓe wayar ya danna musu. Yatsan da bai danna ba ba zai tuna ba. Fatar yatsan tsoho takan bushe har gilashin waya ya ƙi jinta, ɗan shafa mai yana gyarawa.

Hajiya Mai Adashi, Garwa:

Ɗana, duk abin da malamai suka faɗa daidai ne, amma zauren ƙofar gida na maza ne. Ka ce mata sun fi yawa, to ba za su zo su zauna a rumfa a bakin hanya ba, balle su naɗe hannun riga namiji ya ɗaura musu madauri. A nemi tsakar gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, a sa musu ranarsu, 'yan mata biyu su koyi awon. Kada ranar ta faɗa Juma'a ko ranar da aka saba suna da biki.

Ban yarda da Malam Akawu ba a kan a fara da zubin wata-wata ga kowa. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli ko daddawa tana iya ba da sefa 100 a mako, amma 500 a dunƙule nauyi ne, in ta rasa sau biyu kunya za ta hana ta dawowa. A bar dattawa su ba da abin da ya sawwaƙa, nauyin zubin ya hau kan 'ya'yansu, har na Yawunde da Duwalan, su turo ta waya zuwa lamba ɗaya da kowa ya sani. Taimako kuma a kai shi gida bayan magariba, ba a miƙa shi a gaban taro.

Cikin 43 ɗin nan ku ware waɗanda ba sa iya fita, su ne suka fi buƙata. Kowane a ba shi mutum biyu masu leƙa shi sau biyu a mako. Mai ziyara ya duba randa da ruwa ko babu, kwanon jiya an ci ko an bari, akwai tocila kusa da shimfiɗa, hanyar banɗaki akwai santsi ko dakalin da ake tuntuɓe. A kafa ƙarfe ko sanda mai ƙarfi a gefen masai, wanda tsuguno ya gagare shi a huda masa kujera a ɗora. Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da dunduniya, jan da bai gushe ba in an danna shi ne farkon gyambo. Mai takaba da wadda ta fito daga takaba a ninka musu ziyara, a lokacin ne cin abinci ke raguwa. Wadda ta fara mantuwa tana ɓata hanya ko tana zargin an sace mata kaya, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, a kai ta asibiti, kuma a tsawata wa duk yaron da ya jefe ta da kalmar maita.

Kuma kada su zo su zauna ana yi musu kawai. Wannan ta iya kaɗi, wancan ya san dukanci, wata ta san haɗin kunun jego, wani ya san tarihin zuwan kakanninsa daga Kano ko Katsina. A ba kowa ranarsa ya koyar da yara, a ɗauki muryarsa a waya in ya yarda. Shugabancin ma nasu ne, ku matasa ku riƙe littafi da zirga-zirga.

Ɗan Zaure, Garwa:

Allah ya ƙara girma, Hajiya, mun karɓi gyara, za mu nemi gidan mata. Malama, azumi fa? Mu dakatar da awon ne har bayan salla?

Malamar Asibiti, Ngaundere:

Kada ku dakatar, lokaci za ku sauya. Awon jini a yi shi da hantsi, motsa jiki a mayar bayan an sha ruwa ko a rage shi. Abin da ya fi muhimmanci a yi shi wata guda kafin azumin: duk mai suga, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin da ke sa yawan fitsari ya ga likitansa a tsara masa lokutan sha. Kada kowa ya haɗa na safe da na dare ya shanye a sahur da ra'ayin kansa. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide shi ya fi shiga haɗarin faɗuwar suga da rana, in awo ya nuna ƙasa da 70 ko ya fara gumi da rikicewa sai ya karya. Ku roƙi liman ya yi bayanin rangwamen da aka yi wa tsoho da mara lafiya da yadda ake ciyarwa, daga bakinsa za su fi karɓa. A littafinku kuma ku ƙara layi ɗaya a gaban sunan kowa: maganin da yake sha, da lambar wayar wanda za a kira in wani abu ya taso.